Sikanin ya nuna gidajen ƙwaina sun kumbura bayan allurar IVF, ciwon daji ne?

Wata 'yar uwa ce ta turo min tambaya, bari in taƙaita ta. Shekarunta 29, tana da PCOS (wato matsalar da ƙananan jakunkuna ke taruwa da yawa a gidan ƙwai), an yi mata alluran IVF (wato dashen ciki, inda ake ciro ƙwai a haɗa shi da maniyyi a waje sannan a dasa ɗan tayin a mahaifa), yau kwana biyar kenan da aka ciro mata ƙwai 22, likitocinta kuma suka ce baza su dasa mata a wannan watan ba, zasu daskarar da 'yan tayin su ajiye. Cikinta ya kumbura har kayanta sun matse ta, sai ta tafi wani wajen sikanin daban bata faɗa musu an yi mata komai ba. Takarda ta fito cewa gidan ƙwai na dama santimita 9.6 ne, na hagu 10.2, duk cike da jakunkunan ruwa, ga kuma ruwa kwance a mara. Mai sikanin ya ce mata ta nemi likitan tiyata da wuri kar ya zama ciwon daji. Shine take tambaya, likita daji ne? cire min su za'a yi?

Toh 'yar uwata sannu, Allah ya baki lafiya ya cika miki burinki. Ni aikina kenan, kullum ina zaune a ɗaki mai duhu gaban allo ina duba cikin mutane, kuma irin wannan takardar taki na ganta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Abin da kika kwatanta, da tarihinki da lambobin nan, ba kamannin daji bane, kamannin abin da muke kira OHSS ne, wato gidajen ƙwai sun amsa allura fiye da kima, kuma ba'a cire gidan ƙwai saboda shi. Amma fa kar ki ɗauki maganata ki ja bargo ki kwanta. Yau ɗin nan ki koma wajen waɗanda suka yi miki allurar da takardar a hannunki, dan akwai abubuwan da hoto baya faɗa sai an auna jininki an taɓa cikinki, zan zo kansu.

Bari ki ga daga ina kumburin ya fito. Gidan ƙwai na mace lafiyayya tsawonsa bai wuce kamar santimita 3 ba, kaɗan ya fi gaɓar babban yatsa. Kowane wata jaka ɗaya ce take girma a cikinsa har ta kai wajen santimita 2, ta fashe ta saki ƙwai, shikenan. Su alluran da aka yi ta yi miki na kwana goma ko fiye, aikinsu su tashi jakunkuna da yawa lokaci guda, shi yasa kika ga ana ta kiranki sikanin bayan kwana biyu ko uku ana ƙirga su ana aunawa, in manyan suka kai milimita 17 zuwa 18 sai a yi miki allurar ƙarshe, wadda kuke ce ma tiriga, bayan kamar awa 36 a shiga da doguwar allura ta ƙasa ana kallon allo a tsotse su ɗaya bayan ɗaya. To jakar da aka tsotse bata zama a shanye, cikin kwana ɗaya biyu take sake cika da ruwa da ɗan jini, ta koma wata jaka mai fitar da sinadarin riƙe ciki. Ke kuma sama da ashirin gareki. Ki lissafa da kanki, jaka ashirin da wani abu kowacce santimita 2 ko 3 a cikin abin da a da bai fi gaɓar yatsa ba, dole ya kai girman dunƙulen hannu ko ya wuce. Mai PCOS kuma dama can tana da ƙananan jakunkuna jingim suna jiran a taɓa su, ga ƙuruciya, shi yasa ku ne kuka fi faɗawa wannan.

In na ɗora na'ura a kan marar mace irinki ga abin da nake gani. Duka biyun sun girma kuma kusan kai ɗaya, har wani lokaci sai in same su sun haɗu a tsakiya bayan mahaifa suna gugar juna. A ciki baƙaƙen da'irori ne manya da ƙanana, bangonsu siriri kamar zare, wasu baƙi wuluk dan ruwa ne zalla, wasu da ɗan toka-toka saboda jinin da ya shiga, naman gidan ƙwan kuma ya tattaru a tsakiya, sai bangayen suka miƙe daga can zuwa gefe kamar wayoyin ƙafar keke. Wannan siffar ta ƙafar keke in na ganta a ɓangare biyu, tambayar farko da ke fita bakina ita ce, Hajiya an yi miki allurar haihuwa kwanan nan? Daji ba haka yake zuwa ba. Shi abin da ke tada mana hankali shine mu ga tsiron nama ya leƙo cikin jaka daga bango, ko bango mai kauri mara tsari, ko dunƙulen nama da in ka kunna launin da ke nuna gudun jini sai ka ga ya kama wuta. Sannan ga babbar shaida a wajenki wadda mai sikanin nan bai sani ba: kafin a fara miki allura ai an yi miki sikanin a kwana na biyu ko na uku na al'ada aka ga gidajen ƙwanki daidai. Babu dajin da zai kai duka biyu santimita 10 cikin sati uku ya kuma zo daidai da ranakun allura.

A nan zan ɗan yi miki faɗa amma na ƙauna. Na san mata da yawa basa son kowa ya san suna IVF, kuma na fahimta wallahi, magana tana yawo. Sai dai mai sikanin ba kowa bane. Hoto ɗaya yana da fassara biyu uku, ranar da aka yi tiriga da ranar da aka ciro ƙwai su ne ke zaɓar fassarar. Shi ma ya kamata ya tambaye ki kafin ya furta kalmar daji, hakan ya min ciwo, dan na san daren da kika yi. Kuma dan Allah in wani ya ce ki je ki yi gwajin CA-125, wato gwajin jinin da ake yi in ana zargin dajin gidan ƙwai, yanzu kar ki je, yana tashi a wannan halin ko da babu daji ko kaɗan, ruwan cikin ma kaɗai ya isa ya ɗaga shi, sai dai ya ƙara miki tashin hankali a banza.

Yanzu maganar ruwan, dan shi ne ainihin ciwon, girman gidan ƙwai alama ce kawai. Waɗannan jakunkunan in hCG, sinadarin da jikin mai ciki ke fitarwa, ya taɓa su, wanda shi ne a cikin yawancin alluran tiriga, sai su riƙa fitar da wani sinadari mai suna VEGF, shi kuma ya sa ƙananan jijiyoyin jini su riƙa yoyo. Ruwa da furotin su tsattsafo su taru a cikin ciki, ƙwayoyin jinin kuma su zauna a jijiya babu isasshen ruwa. Kinga abin mamaki kenan, mace cikinta tam da ruwa amma jijiyoyinta a bushe, jini ya yi kauri, ƙoda bata samun rabonta sai fitsari ya ragu ya yi duhu. Shi yasa in ina duba irinki bana tsayawa a mara. Ruwa ya kan fara kwanciya a ramin da ke bayan mahaifa, wannan kaɗan ɗin kusan duk wadda aka ciro ma ƙwai tana da shi. Sai in matsa sama dama in duba tsakanin hanta da ƙoda, in na ga baƙin layi ya raba su to ruwan ya fara yawa, in ya ƙaru sai ka ga hanji yana lilo a cikinsa. Daga nan in karkata na'urar tsakanin haƙarƙari in leƙa ƙasan huhu, musamman na dama, dan can ya fi taruwa, kuma shi ne ke sa mace ta ce bata iya kwanciya rigingine sai ta jingina da filo uku.

Ƙungiyar likitocin mata ta Ingila, RCOG, a ƙa'idarta ta 2016 ta kasa shi mataki-mataki. Ƙasa da santimita 8 da ɗan kumburi, mai sauƙi. Tsakanin 8 da 12 da ruwan da sikanin ke gani da tashin zuciya, matsakaici, kuma a takarda nan kike. Sama da 12 da ruwan da ido ma ke gani, PCV, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin jini mai nuna kaurinsa, ya haura 45, fitsari ƙasa da mililita 300 a wuni da kwana, wannan mai tsanani ne na kwanciya asibiti. In PCV ya wuce 55 ko jini ya daskare ko numfashi ya gagara, an kai matakin ɗakin kulawa ta musamman. Amma ni ban cika son mace ta riƙe lambar santimita tana auna kanta da ita ba, saboda bayan an tsotse jakunkuna girman baya tafiya daidai da tsananin ciwo, na ga mai 13 tana yawonta tana hira, na ga mai 8 da ƙyar take numfashi. Fitsari da numfashi da PCV sun fi tef ɗin awo gaskiya. Mai sauƙin yana da yawa, ya kan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na masu IVF, matsakaici da mai tsanani kuwa 'yan kaɗan ne cikin ɗari.

Abin da ya fi hana ni barci a kan mata irinki ba OHSS ɗin bane, murɗewa ce. Gidan ƙwai a rataye yake da wata igiyar nama da jijiyoyin jini ke bi ta cikinta, in ya yi nauyi, musamman da ya wuce santimita 5, yana iya juyawa a kan igiyar nan ya shaƙe kansa, kuma ya fi faruwa a dama dan a hagu babban hanji ya tare wajen. Jijiyar da ke mayar da jini ita ce mai laushi, ita ke fara toshewa, sai jini ya riƙa shiga baya fita, naman ya kumbura ya yi ta kumbura har ita ma mai kawowar ta toshe. A macen da ba'a yi ma allura ba gane shi ya fi sauƙi, ɗaya ƙato ɗaya daidai, jakunkunan an tura su gefe sun jeru. A irinki kuwa duka biyun ƙatti ne dama, to da wa zaka gwada? Nan ne aikin yake. Ina duba wanne ya fi ɗan uwansa girma fiye da yadda yake jiya, ina duba naman da ke tsakanin jakunkunan ko ya yi kauri ya yi fari-fari, ko gidan ƙwan ya bar mazauninsa ya hau kan mahaifa, sannan in bi gefensa a hankali ina neman igiyar, in ta murɗe sai ka ganta a naɗe kamar tufka, ka kunna launi ka ga ja da shuɗi suna zagaya juna. In na ga wannan bana ƙara rubuta komai, waya nake ɗauka.

Ga kuma tarkon da nake so ki sani, ke da duk wanda zai raka ki asibiti. Ana iya rubuta miki cewa Dofla, wato launin nan da ke nuna gudun jini, ta nuna jini yana gudana lafiya, alhali ya murɗe. Gidan ƙwai ta hanya biyu yake samun jini, ɗaya daga sama ɗaya daga jijiyar mahaifa, kuma wani lokaci ya murɗe ya warware ya sake murɗewa, to in aka ɗora na'ura lokacin da ya sassauta sai a ga komai daidai. Akwai wata da aka kawo min cikin dare, kwana kaɗan bayan ciro ƙwai, tana ta amai ta dunƙule a gefe ɗaya ta kasa miƙe ƙafarta ta dama, da takarda a hannun mijinta cewa jini yana shiga duka biyun. Na duba, lallai yana shiga. Amma da na ɗan danna na'urar a kan na dama sai ta damƙe min hannu har farcenta ya shige ni, na danna na hagu ko gezau, na daman kuma namansa ya yi fari ya kumbura. Aka shiga da ita tiyatar kyamara aka same shi ya juya sau biyu ya yi baƙi-baƙi, aka warware shi aka bar shi a wajensa, bayan wasu watanni na sake duba ta ga shi nan da jakunkunansa yana aiki. Kinga ko a murɗewa ma yanzu ba cirewa ake fara yi ba, warwarewa ake, dan ko ya yi duhu yawanci yana farfaɗowa in an zo da wuri. Saboda haka ciwon OHSS nauyi ne da cika a ko'ina, yana zuwa a hankali. In kuwa ciwo ya soke ki farat ɗaya a gefe guda, da amai, kin rasa inda zaki sa kanki, kar ki jira gari ya waye, kuma kar kyakkyawar Dofla ta sa a sallame ki kina cikin wannan halin ba tare da likitan mata ya ganki ba.

Sai zubar jini a ciki. Allurar da ta huda gidan ƙwai sau ashirin dole ta bar ɗan jini, wannan ba komai. Wanda ke kai mace tiyata bai kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma yawanci a rana ta farko yake nuna kansa, to ke da kike kwana na biyar kin wuce mafi yawan haɗarin, sai dai jaka tana iya fashewa daga baya in an matse ta. A allo ruwan OHSS baƙi ne tas, shi kuwa jini sai ka ga kamar an watsa ƙura a ciki tana motsi, ga kuma gudaji masu launin toka manne da gidan ƙwan. Bambancin da ya fi kyau a jini yake: a OHSS PCV hawa yake, a zubar jini sauka yake, in kuma suka haɗu sai lambar ta fito daidai ta yaudari mutum, shi yasa ake maimaita awon ba'a dogara da ɗaya. Jiri in kin miƙe, bugun zuciya da sauri, fari-farin ido, da ciwo a saman kafaɗa wanda mutane basa haɗa shi da ciki, alhali jini ne ya taɓa tantanin da ke ƙasan huhu. Ita kuma jakar da jini ya kwanta a cikinta kawai, zaki ga an rubuta tana da zare-zare kamar yanar gizo-gizo kuma launi baya shiga cikinta, wannan ta kan shanye da kanta cikin sati shida zuwa takwas, kar ta tsorata ki.

Ƙurji mai mugunya ba kasafai bane, ya fi samun wadda ke da jakar tsohon jini ta endometiriyosis allura ta bi ta cikinta, ko wadda ta taɓa sanyin mara mai ƙarfi. Shi a makare yake zuwa, kwanaki ko ma makonni, da zazzaɓi, a allo kuma dunƙule ne mai bango mai kauri da datti a ciki. OHSS kaɗai bai cika kawo zazzaɓi mai zafi ba, in kin ji shi ki faɗa.

Wanda mutane ke mantawa shine daskarewar jini, kuma a wannan ciwon yana da wata ɗabi'a tasa. Kowa ya san na ƙafa, amma a OHSS ya kan zaɓi jijiyar wuya da ta ƙarƙashin ƙashin kafaɗa, har ma jijiyar cikin kai, kuma yana iya bayyana bayan kumburin cikin ya sauka kowa ya saki jiki. Gwajin mai sauƙi ne, in ɗora na'ura a wuya in danna, jijiya lafiyayya ta kan lafe ta haɗe bakinta, mai gudan jini kuwa ta ƙi lanƙwasa ka ga abu toka-toka a ciki. Wuya ko hannu ɗaya ya kumbura, ƙafa ɗaya ta kumbura, ciwon kai da baki saba ba, gani ya dushe, ko ƙirji ya soke ki da haki, duk na gaggawa ne. In suka ce zasu riƙa yi miki allurar heparin mai hana jini daskarewa a fata kar ki ƙi, dalilinta kenan.

Na ji a saƙonki kamar ranki bai yi daɗi ba da aka ƙi dasa miki. Ni kuwa da na karanta wannan layin sai da na ji sanyi, sun yi miki gata. OHSS kashi biyu ne, na wuri wanda ke zuwa cikin sati guda bayan tiriga, shi ne naki, yana lafawa da kansa yayin da hCG ɗin allurar ke fita daga jiki, yawanci cikin sati ɗaya zuwa biyu, al'ada na zuwa ki ga kina ta fitsari ciki na saɓewa. Sai na makara, daga kwana 10 zuwa sama, wanda cikin da ya shiga ne ke hura shi dan shi ma hCG yake fitarwa kullum yana ƙaruwa, wannan ya fi tsanani ya fi daɗewa, yana iya jan makonni. Da an dasa miki ya kama, da an zuba ma wuta fetur.

Ran da aka dasa kuwa, in Allah ya yarda, ga abin da zaki riƙe. Ko da a cikin mahaifa aka ajiye ɗan tayi yana iya gangarawa bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, in kuma biyu aka dasa ana iya samun ɗaya a mahaifa ɗaya a waje lokaci guda. A cikin da aka samu ba tare da magani ba tsohon ƙiyasi ya ce kamar 1 cikin 30,000 ne, amma a IVF da ake dasa fiye da ɗaya an kawo rahoton har kusan 1 cikin 100. Kuskuren da ake yi shine a ga jakar ciki a mahaifa da bugun zuciya, kowa ya yi murna a kashe na'ura. Dole a duba gefe biyu. Kuma yana da wuyar rabewa da jakar gidan ƙwai dan duka biyun zobe ne mai jini kewaye, dabarar ita ce in tura sandar sikanin a hankali ina danna marar da ɗaya hannun, in abin ya tafi tare da gidan ƙwai nasa ne, in ya zame daban to na bututu ne har sai an tabbatar ba shi bane. Ki ce musu da bakinki guda nawa aka dasa.

Maganar siti sikan ko MRI, wato manyan na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki, a halinki sikanin na yau da kullum ya wadatar kuma shi ne na farko. Siti yana da haskoki, muna kauce masa in akwai yiwuwar ciki, sai dai in ana zargin gudan jini a huhu, nan kam rai ya fi, ana yi. MRI babu haskoki, muna neman sa in murɗewa ta ƙi bayyana ko ana son rabe ƙurji da wani abu, mai ciki kuma ba'a sa mata ruwan allurar da ke haska hoto. Su masu shan ƙwayoyin tashin ƙwai irin su Clomid ko letrozole kuwa, musamman masu saye su sha ba tare da sikanin ba, OHSS mai tsanani bai cika samun su ba amma jakar da ta ƙi fashewa ta girma tana samun su, shi yasa ake duba mace kafin ta fara wani zagayen.

Ke yanzu, in kin koma zasu auna PCV da aikin ƙoda da gishirin jini da furotin, su auna nauyinki da faɗin cikinki, ki kuma tambaye su wacce irin tiriga aka yi miki, mai hCG ce ko wadda babu hCG a ciki. In suka bar ki a gida ki riƙa shan ruwa gwargwadon ƙishinki kar ki ƙi sha wai dan ciki ya cika, ki riƙa hawa sikeli kowace safiya, ƙarin kilo 1 a kwana ɗaya ruwa ne ba ƙiba ba, ki kira su. Ki riƙa tara fitsarinki a mazubi mai awo, in bai kai lita 1 a awa 24 ba ki kira su. Na ciwo farasitamol, amma banda ibuprofen da diclofenac da danginsu dan ƙodarki dama tana fama, banda kuma maganin sa fitsari da wani zai ce zai zuƙe ruwan, jijiyarki zai ƙara busarwa. Kar ki kwanta wuni guda, ki riƙa ɗan zagaya ɗaki saboda jini, amma banda tsalle da ɗaukar kaya mai nauyi da juyi da ƙarfi, kuma ki ba maigida haƙuri har al'ada ta zo ta wuce, saboda murɗewa da fashewa, kuma ƙwan da ya saura yana iya zama ciki ya dawo da ke baya. In ruwan ya matse ki har numfashi, ana sa siririn bututu ana kallon allo dan a kauce ma gidajen ƙwan a zuƙe shi, mata da yawa nan take suke cewa sun dawo duniya, fitsari ma ya buɗe. Wasu ana basu wani magani mai suna cabergoline dan rage yoyon jijiyoyin, in kuma wata rana za'a sake tashin ƙwai akwai rage allura da canza irin tiriga, ki tuna musu wannan karon.

Bayan al'adarki ta zo ta ɗauke za'a sake sikanin kafin a sa ranar dashe, gidajen ƙwan su kan ɗauki wasu makonni kafin su koma yadda suke, to kar ki damu in an ce miki har yanzu 5 ne ko 6. In bayan sati shida zuwa takwas akwai jaka ɗaya da ta ƙi tafiya kuma da nama a cikinta, nan ne za'a yi maganar MRI. Ki adana takardar nan ta 9.6 da 10.2 ki tafi da ita, da ita za'a gwada.